Ko Ka Sani? Na'urar da Ke Yi wa Kanta Hisabi

Duk wanda ya taɓa ɗora faifai a kan garmaho na lantarki, ya ji murya ta fito garau kamar mai ita yana zaune a ɗakin, da wuya ya san cewa abin da allura ke tsamowa daga cikin faifan ɗan lantarki ne mai rauni ainun, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari uku na ƙarfin batirin tocila guda ba. Ƙaramar amfilifayar da ke gaba ita ce ke karɓar wannan amana, ta rene ta, kana ta miƙa wa babbar da ke tura lasifika. Idan kuwa ta farkon ta gurɓata sautin, ta bayan ba ta da abin yi illa ta ƙara wa aibin ƙarfi.

Amma abin da ya ƙayatar da ni shi ne hikimar da ake bi a hana amfilifaya yin ha'inci. A safiyar 2 ga Agusta, 1927, wani injiniyan ɗakin bincike na Bell mai suna Harold Black, ɗan shekara 29, wanda ya shafe shekaru yana fama da amfilifayoyin wayar tarho masu ɓata murya a tafiya mai nisa, yana cikin jirgin fito yana ƙetare kogin Hudson zuwa wurin aiki a Niyok, sai dabara ta faɗo masa. Da yake babu takarda a hannunsa, sai ya zana ta a kan jaridar New York Times. Ga dabarar: a ɗebi kaɗan daga abin da na'urar ta fitar, a juya shi, a mayar da shi mashiga a gwada da na asali, ta yadda duk ziyadar da na'urar ta yi daga kanta za ta soke kanta. Muhasaba ke nan, irin wadda malamai ke horon ɗalibai da ita, sai dai ita na'ura tana yin tata ba dare ba rana, ba ta jiran lokacin kwanciya. Farashin kuwa ƙarfi ne: amfilifayar da ke iya ninka sauti sau 1,000, in aka ƙuntata ta ta tsaya a 10, gurɓatarta na raguwa kusan sau 100. Ma'aikatar rajistar ƙirƙira ta yi ta kokwanto, domin hankali bai saba da neman ƙari ta hanyar ragi ba, har sai a 1937 aka ba shi shaidar mallaka, bayan shekara tara da nema.

Na ga haƙiƙanin wannan da idona a shagon wani dattijo mai gyaran rediyo, ranar da ya ɗaga ƙafar wata 'yar rizista mai mayar da sautin mashiga, wadda ba ta fi ƙwayar shinkafa biyu ba, daga cikin tsohuwar amfilifaya mai bawul. Nan take sauti ya kumbura, ganga ta dusashe, muryar mawaƙin ta yi kaushi kamar mai mura. Da ya mayar da ita da ɗigon dalma, sai ƙarar ta sauka, har na jiyo numfashin da mawaƙin ke ja tsakanin baiti da baiti. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka ji bambancin mai ihu da mai magana."

Abin yana da sharaɗi, domin idan abin da aka mayar ya makara a hanya, na'urar takan ɓarke da kuka ita kaɗai, mas'alar da Harry Nyquist ya warware a 1932. Har yau akwai masu ƙira da ke ganin yawan mayarwa yana busar da sauti, suna gina nasu da kaɗan ko ma babu. Ni dai kunnena yana tare da Black, kuma maɓallan nan biyu na ƙara kauri da kaifin sauti, a tsarin da Peter Baxandall ya wallafa a Ingila a 1952, a kan dabarar Black ɗin suke aiki.