Jigon Tsoro a Fina-finan Japan da Adabin Bakan Hausa

1.0 Gabatarwa

Tsoro daɗaɗɗen jigo ne a adabin kowace al'umma. Wannan babi zai yi bayani a kan fina-finan ban tsoro na ƙasar Japan, da dalilan karɓuwarsu, da ra'ayoyin matarka a kansu, sannan ya kwatanta su da adabin bakan Hausa.

2.0 Asalinsu

Waɗannan fina-finai sun tsiro ne daga labaran fatalwa na gargajiya, musamman na macen da aka zalunta ta mutu, kurwarta ta dawo ɗaukar fansa. An nuna irin wannan labari a wasan daɓe mai suna Yotsuya Kaidan tun shekarar 1825. A 1998 Hideo Nakata ya shirya fim ɗin Ringu daga littafin Koji Suzuki na 1991. Labarin wani kaset ɗin bidiyo ne, wanda duk ya kalle shi zai mutu bayan kwana bakwai, sai fa in ya kwafe shi ya nuna wa wani. Tushen masifar kuwa wata yarinya ce, Sadako, da aka jefa cikin rijiya.

3.0 Dalilan Karɓuwa

Salon waɗannan fina-finai bai dogara ga yawan zubar da jini ba. Sukan yi amfani da shiru da jinkiri, su bar zuciyar mai kallo ta ƙarasa abin da ido bai gani ba. Haka kuma sukan sanya abin tsoron cikin kayan amfanin yau da kullum, kamar talabijin da tarho, ta yadda mai kallo zai koma gida ya tarar da su suna jiran sa. Sannan akwai tambayar da Ringu ya bari: shin ya halatta mutum ya kuɓutar da ɗansa ta hanyar jefa wani cikin halaka?

4.0 Ra'ayoyin Matarka

Tun a 1965 fim ɗin Kwaidan na Masaki Kobayashi ya sami lambar yabo ta musamman a bikin fina-finai na Cannes a Faransa. Matarka sun yaba wa Ringu saboda iya jan zaren labari, har aka sake shirya shi a Amurka a 2002. Amma da kwaikwayo ya yi yawa, sai wasu suka soki yadda fatalwa mai dogon gashi ta zama abin maimaitawa, ta daina razana kowa.

5.0 Kwatanci da Adabin Hausa

Bahaushe ma ya san fatalwa da aljanu da mayu. Mai gatana ba ya cika siffanta Dodo, yakan rage murya ne ya bar yara su ƙera nasu a zuci. A labarin Bayajida ma, daga rijiyar Kusugu ta Daura abin tsoron yake. Bambancin shi ne, a tatsuniya galibi akan ga bayan Dodo, hankali ya kwanta. A fim ɗin Japan kuwa masifar takan ci gaba.

6.0 Kammalawa

Malamin da zai koyar a Gummi ko Anka ko Bukkuyum zai iya haɗuwa da ɗalibai masu kallon fina-finan ƙetare a wayar hannu. Tsawatarwa kaɗai ba ta isa ba. Ya dace ya sa su tattaro tatsuniyoyin Dodo daga bakin kakanninsu, su fito da jigo da salo, su kwatanta da abin da suka kalla.