Lasisi da Binciken Muhalli: Abin da Gwajin Makaman Yuraniyom Ke Bari a Ƙasa

Sinadaran da ke fitar da tururin nukiliya, wato wani irin ƙarfi da ido ba ya gani kuma hanci ba ya jin warinsa, amma yana iya shiga jikin mai rai ya lalata ƙwayoyin halittarsa, suna cikin kayan da rundunonin sojan manyan ƙasashe ke amfani da su wajen bincike da gwajin makamai. Da yake haɗarinsu ba ya ƙarewa ranar da aka gama gwaji, ƙasashe da dama sun kafa shingaye biyu kafin a taɓa su. Na farko shi ne lasisi, wato takardar izini da ke fayyace wanda ya mallaki sinadarin, da yawansa, da wurin ajiyarsa, da abin da aka yarda a yi da shi. Na biyu shi ne binciken tasiri ga muhalli, wato nazarin da ake yi kafin yanke hukunci domin a gano abin da aikin zai jawo wa ƙasa da ruwa da iska da dabbobi da mutanen da ke zaune a kewaye. Jama'a kan ɗauki lasisi a matsayin shaidar cewa abu ba shi da illa, alhali ba a neman lasisi sai a kan abin da aka tabbatar yana da illa, kuma babban amfaninsa shi ne ya ɗora alhaki a wuyan wani sananne wanda za a iya tuhuma bayan shekaru masu yawa.

A Amurka, inda wannan tsari ya fi daɗewa a rubuce, tushensa dokar makamashin nukiliya ce ta 1954, sannan dokar manufofin muhalli ta ƙasa wadda ta fara aiki a 1970, wadda ta wajabta wa hukumomin tarayya su auna tasirin manyan ayyukansu ga muhalli kafin su zartar. Hukumar da ke kula da harkokin nukiliya, wadda aka fi sani da NRC, ta fara aiki a 1975, kuma ita ke ba da lasisin mallakar irin waɗannan sinadarai ga asibitoci da jami'o'i da masana'antu, har da rundunonin soja a ayyukansu da dama, ko da yake bama-baman nukiliya su kansu ba sa ƙarƙashinta. Binciken muhalli yakan fara ne da taƙaitaccen nazari. Idan ya nuna cewa aikin ba zai yi wani gagarumin tasiri ba, sai hukuma ta fitar da sanarwar hakan a fili, idan kuwa ya nuna akasin haka, sai a shiga cikakken bincike wanda ke buƙatar a wallafa daftari, a saurari ra'ayin jama'a, a kuma kwatanta aikin da wasu hanyoyin da za a iya bi, ciki har da barin aikin baki ɗaya. Ma'aunin da ake auna yawan tururin da jiki ya sha shi ne milisibat, kuma dokar hukumar ba ta yarda aikin mai lasisi ya ƙara wa ɗan gari fiye da milisibat 1 a shekara ba, a yayin da matsakaicin abin da kowane mutum a duniya ke sha daga duwatsu da iska da sararin samaniya ya kai kimanin milisibat 2.4.

Filin gwaji na Jefferson

Misalin da ya fi bayyana yadda tsarin ke aiki, da kuma inda yake gazawa, shi ne filin gwajin makamai na Jefferson da ke kusa da garin Madison a jihar Indiyana. An buɗe shi a 1941 bayan an tashi ɗaruruwan iyalai manoma daga gonakinsu, faɗinsa ya kai kimanin eka 55,000, kuma an yi fiye da shekara hamsin ana harba harsasai da bama-bamai a cikinsa. Daga 1984 zuwa 1994, bisa lasisin hukumar NRC, sojojin ƙasa sun gwada harsasan tankokin yaƙi da aka ƙera da ragowar yuraniyom.

Ragowar yuraniyom ita ce abin da ke saura bayan an tace yuraniyom an cire mafi yawan nau'in da ake kira 235, wanda shi ake buƙata a tashoshin lantarki da bama-bamai. A yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa nau'in 235 bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari ba, a ragowar kuwa yakan sauka zuwa kashi 0.2 ko 0.3, shi ya sa tururinta bai wuce kimanin kashi 60 cikin ɗari na yuraniyom ɗin asali ba. Sojoji suna son ta ne saboda nauyinta, domin ta ninka dalma nauyi har sau 1.7, kuma idan ta bugi sulken tanka takan huda shi ta kama da wuta. Mafi yawan tururin da take fitarwa fatar jiki ma tana iya tare shi, saboda haka babban haɗarinta yana zuwa ne idan ta zama ƙura aka shaƙa, ko ta narke cikin ruwa aka sha, domin ƙarfe ne mai guba wanda ke taɓa ƙoda. Ga shi kuma ba ta gushewa, tunda nau'in 238 da ya fi yawa a cikinta yana ɗaukar shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rikiɗe.

A Jefferson ba a harba waɗannan harsasai kan ƙarfe ba, an riƙa auna allunan ƙyalle ne domin a gwada daidaiton saiti, don haka mafi yawansu ba su ƙone sun zama ƙura ba, sai suka wuce suka nutse cikin ƙasa, wasu a cikakkiyar sifarsu ta dogon sandan ƙarfe, wasu a farfashe. An harba kimanin kilo 100,000, aka tsince kusan kashi ɗaya cikin huɗu, fiye da kilo 70,000 suka saura a wani yanki mai faɗin kimanin eka 2,000 wanda rafi ke ratsawa. Bayan an rufe filin a 1995, ƙa'ida ta tanadi cewa mai lasisi ya tsabtace wuri har sai tururin da ya rage bai wuce milisibat 0.25 a shekara ba kafin a sake shi ga jama'a, amma wannan yanki cike yake da bama-baman da aka harba ba su fashe ba, ta yadda duk ma'aikacin da ya shiga tonon yuraniyom yana iya taka abin da zai hallaka shi nan take. Sojoji sun kafa hujja da wannan, da kuma cewa aikin zai ci biliyoyin daloli ya kuma share dajin da ya riga ya farfaɗo, suka nemi a bar sinadarin inda yake.

Shekaru fiye da ashirin aka kwashe ana kai ruwa rana a kan wannan buƙata. Wata ƙungiyar mazauna yankin mai suna Save the Valley ta shiga shari'ar lasisin a gaban alƙalan hukumar, tana neman a faɗaɗa binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa, domin duwatsun yankin na farar ƙasa ne masu ramuka da ruwa ke bi ya yi nisa. Sojoji sun nemi a soke lasisin gaba ɗaya a bar wurin a killace, daga baya suka janye wannan buƙata, suka nemi lasisin mallaka kawai, wato izinin riƙe sinadarin ba tare da amfani da shi ba. A 2019 hukumar ta kammala nazarin muhalli ta amince da hakan na tsawon shekara 20, bisa sharaɗin a ci gaba da killace wurin da kuma ɗibar samfurin ruwa da laka ana aunawa. Masana suna bambance yuraniyom ɗin da ke cikin duwatsu tun asali da wanda ya fito daga harsashi ta hanyar kwatanta yawan nau'in 238 da na 234 a cikin samfuri, domin a na asali ƙarfin tururin biyun kusan ɗaya ne, a ragowar kuwa na 238 ya rinjaya sosai. Tun 2000 mafi yawan filin ya zama gandun namun daji na Big Oaks, inda mai ziyara sai ya saurari bayanin kariya ya sa hannu a takardar amincewa da haɗari kafin a bar shi ya shiga, yankin yuraniyom kuwa a rufe yake ga kowa.

Abin lura a nan shi ne cewa lasisi bai hana gurɓata ƙasa ba, kuma binciken da aka yi daga baya bai iya mayar da ita yadda take ba. Abin da suka tabbatar shi ne an san adadin abin da ke wurin, an san mai alhakinsa, kuma maƙwabta suna da ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Inda rubutu ya ɓace, ko wannan ba a samu. A 2005 aka gano gutsattsarin ragowar yuraniyom a barikin Schofield da ke Hawayi, waɗanda suka fito daga ƙananan harsasan saiti na wani makami mai suna Davy Crockett da aka yi atisaye da shi a shekarun 1960, kuma sai a 2013 hukumar ta ba sojoji lasisin mallakarsu, bayan sun shafe kusan shekara arba'in a filin atisaye ba tare da kulawa ba.

Inda ba a yi bincike ba

Mazauna yankin Sahel ba baƙi ba ne ga wannan batu. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a kusa da Reggane cikin hamadar Aljeriya, kuma zuwa 1966 ta yi gwaji 17, huɗu a sararin sama, goma sha uku a ƙarƙashin duwatsun In Ekker, inda a watan Mayun 1962 dutsen ya kasa riƙe fashewar wani gwaji har gajimaren ƙura mai tururi ya fito ya lulluɓe sojoji da manyan jami'an da suka zo kallo. Babu wanda ya nemi ra'ayin makiyaya da mazauna dausayin hamada, kuma wata taswirar sojan Faransa da aka wallafa a 2014 ta nuna cewa ƙurar gwajin farko ta bazu zuwa ƙasashen Afirka ta Yamma da Chadi. Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961 saboda waɗannan gwaje-gwaje, sai 2010 kuma Faransa ta yi dokar biyan diyya ga waɗanda abin ya shafa. Kayan aikin da aka binne cikin yashi bayan gwaje-gwajen sun zama abin nema ga masu tsintar ƙarfe da wayar tagulla, waɗanda ba su san abin da suke ɗauka ba. Makamancin haka ya faru a Arlit ta Nijar, garin haƙar yuraniyom, inda wata cibiyar bincike mai zaman kanta ta Faransa, CRIIRAD, ta samu tsofaffin ƙarafa masu tururi ana sayarwa a kasuwa a 2003.

Abin da ya kamata jama'a su sani

Hanyar da irin waɗannan sinadarai suka fi bi su shiga gidajen talakawa ita ce sana'ar gwangwan, don haka masu tsintar ƙarfe da dillalai da maƙera su ne suka fi buƙatar faɗakarwa. Alamar gargaɗin tururin nukiliya fukafukai uku ne kewaye da ɗigo, kamar fankar sama, baƙaƙe ko ja mai duhu a kan rawaya, kuma tun 2007 aka ƙara wata alama mai kusurwa uku ja da ke ɗauke da ƙoƙon kai da hoton mutum yana gudu. Gutsuren ragowar yuraniyom yakan yi nauyin da ya wuce girmansa nesa ba kusa ba, launinsa baƙi ko toka-toka, idan ya daɗe a ƙasa kuma yakan yi tsatsa mai launin rawaya wadda ke barbaɗewa a hannu. Wanda ya ci karo da irin wannan ƙarfe, ko da wata rufaffiyar tukunyar dalma mai ɗauke da alamar, bai kamata ya ɗauka ko ya sa a aljihu ba, balle ya fasa, ya yanka da zarto, ko ya sa a wuta. Abin da ya dace shi ne ya matsa nesa, ya hana yara kusanta, ya wanke hannu idan ya taɓa, sannan ya sanar da hukuma. A garin Goyaniya na Brazil, a 1987, fasa irin wannan tukunya da aka ɗauko daga wani asibitin da aka yi watsi da shi ya yi sanadin mutuwar mutum huɗu, aka kuma auna fiye da mutum 100,000. Haka nan tsofaffin filayen atisayen soja ba wurin kiwo ko noma ko yin itace ba ne, ko da shingensu ya faɗi.

A Najeriya hukumar NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa kuma ta fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin shigo da irin waɗannan sinadarai da mallakarsu da zubar da su, a Nijar kuwa hukumar ARSN ke wannan aiki. Dokar binciken tasiri ga muhalli ta Najeriya ta 1992 ta tanadi a baje rahoton manyan ayyuka domin jama'a su duba su yi sharhi, kuma bisa al'ada ana baje shi na kwanakin aiki 21. Wannan ne lokacin da masu unguwanni da dagatai da ƙungiyoyin manoma da makiyaya ya kamata su tambayi wane sinadari za a kawo, nawa ne yawansa, wa zai riƙa auna ruwan rijiyoyi, ina za a wallafa sakamakon, kuma wa zai biya kuɗin tsabtace wurin idan aikin ya ƙare. Ya kamata a nemi amsoshin a rubuce a kuma adana kwafinsu a hannun al'umma, domin jami'an da suka yi alkawari da baki za su bar aiki, sinadarin kuwa zai ci gaba da zama a cikin ƙasar da jikoki za su gada.