Humrar da ta kwana biyu: shin tsufa na ƙara wa turare daraja?

A Garwa, idan biki ya doso, akwai sayayyar da ba a bari sai an zo gab da rana, wato humra. Uwar amarya kan sa a haɗa mata tun da sauran watanni, domin masu sana'ar sun ce sabuwar humra ɗanya ce, sai ta kwanta ta tsumu kafin ƙamshinta ya fito. A bakin wasu masu sayarwa kuwa zancen ya zarce haka: ta shekara uku ta fi ta wata shida, ta shekara biyar ta fi ta uku, kuɗi kuma yana hawa tare da shekarun. Akwai gaskiya a maganar, amma tana da iyaka.

An fi sanin matan Shuwa da na Barebari da wannan sana'a, kuma tushenta na haɗe da Sudan da Chadi. Hanyar da ta taso daga Njamena ta haye kogin Logon zuwa Kusuri, ta ratsa Marwa ta gangaro Garwa, ta daɗe tana ɗauko kayan ƙamshi, haka ma zirga-zirgar da ke tsakanin Garwa da Yola da Maiduguri. Yau Fulani da Hausawan arewacin Kamaru sun rungumi humra da turaren wuta, har lefe ba ya cika sai da su.

Wanda ya ga yadda ake haɗa baƙar humra zai gane dalilin jiran. Farce, wanda murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, da ƙarnin kifi yake zuwa. Sai an jiƙa shi, an kankare ragowar naman da ke manne da shi, an wanke an sake wankewa, sannan a soya har ya sauya launi, a daka. A haɗa da garin sandal, da kanumfari, da mahlab, a zuba madarar turare iri-iri, a toshe bakin kwalba. Idan aka buɗe a makon farko, kowane abu ihunsa yake yi shi kaɗai: kanumfari na yaji, farce na ƙauri. Bayan wasu makonni, mai ya gama zuƙe ƙamshin itace, kaifin ya kwanta, hanci ba ya iya rarrabe wannan da wancan. Kamfanonin turare na garin Giras a Faransa ma haka suke yi, sukan bar haɗinsu ya huta makonni kafin su ɗura a kwalba.

To, bayan nan fa? Inda aka fi zurfafa bincike kan tsufan abin da ke cikin kwalba shi ne harkar jar giyar inabi a Turai. Musulmi ba ruwansa da shan ta, amma abin da masana suka gano a kanta ya shafi duk mai ajiye turare. A ɓawon inabi da ƙwayarsa akwai wani sinadari mai bauri, irin wanda ke kama harshe a bagaruwa. Shekaru na tafiya, ɗan iskan da ke kutsawa cikin kwalba na aiki a kansa, baurin ya yi laushi, launi ya tashi daga ja mai duhu ya koma kamar jan bulo. Sai dai masanan sun yi ittifaki a kan abu biyu. Mafi yawan giyar da ake yi a duniya ba don ajiya aka yi ta ba, tsufa lalata ta yake yi. Wadda ma ta cancanci ajiya tana da lokacin da take kaiwa ƙololuwa, daga nan sai gangara.

Duk da haka sunan shekaru na sa masu kuɗi rufe ido. A watan Oktoba na 2018, a birnin Niyok, an yi gwanjon kwalba ɗaya ta giyar Romanée-Conti ta shekarar 1945 a kan dala 558,000. Shekara huɗu kafin nan, a 2014, wata kotu a Amurka ta ɗaure wani mai suna Rudy Kurniawan shekara 10 saboda ya riƙa cika tsofaffin kwalabe da haɗe-haɗen da ya yi a gidansa yana sayar wa attajirai. Da yawansu sun sha, sun yaba.

A turare ma ba kowane ƙamshi ne ke jure zama ba. Masu nauyi, irin su man sandal da na oud, a hankali suke tashi, kuma sukan ƙara taushi idan sun daɗe. Masu sauƙi, irin ƙamshin lemo da na wasu furanni, iska na cin su da wuri, su yi tsami, kuma idan sun lalace suna iya sa wa mai saurin kamuwa ƙaiƙayi a fata. Oud na gaske kuwa ya yi tsada ƙwarai. Itacensa a kudu maso gabashin Asiya yake fitowa, kuma tun 1995 aka fara sa masa takunkumi a cinikin ƙasa da ƙasa saboda yawan sara. Shi ya sa galibin man da ke yawo a kasuwa da wannan suna haɗin masana'anta ne. Ba laifi ba ne a yi amfani da shi, amma zama ba zai mai da shi na asali ba.

Babban abokin gaban humra a Garwa shi ne zafi. Turawa kan adana kwalaben giyarsu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyin da bai wuce digiri 12 zuwa 14 ba. A Garwa kuwa, a bakin kogin Binuwai, cikin Maris da Afrilu, zafin rana kan haura digiri 40. Masana sinadarai na da wani kiyasi da suka daɗe suna aiki da shi, cewa ƙarin digiri 10 kan kusan ninka saurin sauyin da sinadarai ke yi. Ke nan kwalbar da ta yi bazara biyu a kan kanta a shagon kwano, rana na dukan ta, ta riga ta wuce lokacinta, ko da mai shago na alfahari da shekarunta. Abin takaici ne a ga uwa ta tara kuɗi da ƙyar ta kai su ga irin wannan.

Tsofaffin masu haɗawa sun san wannan tun ba yau ba. Shi ya sa suke zaɓar kwalbar gilashi maimakon ta roba, su cika ta har wuya don kada iska ta samu wurin zama, su tura ta can ƙasan adaka cikin tufafi inda haske ba ya kaiwa, su riƙa ɗiba a ƙaramar kwalba don amfanin yau da gobe.

Don haka mai saye kada ta tsaya a tambayar shekara nawa. Ta tambayi abin da aka zuba da inda aka ajiye, ta ɗiga kaɗan a bayan hannu, ta zaga cikin kasuwa na rabin sa'a ta sake shinshinawa. Idan ta ji tsami ko ƙarnin farce ya taso, ta bar musu kayansu.