Toka, Darbejiya da Baƙin Mai: Gyaran Jikin Kare a Ƙasar Dutse Bisa Ma'aunin Kimiyya

Gabatarwa

Tarihin baka ya nuna cewa wani maharbi mai suna Duna Magu ne ya fara zama a gindin duwatsun da suka ba garin Dutse sunansa, saboda yawan gada da ya tarar a wurin, har aka riƙa kiran garin Dutse Gadawur. Ko da yake Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa tun ranar 27 ga Agusta, 1991, farauta ba ta gushe ba a karkararta. Da zarar an kawar da amfanin gona, akan ga mafarauta daga ƙauyukan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da Gwaram sun nufi daji da gorori, karnuka na biye da su. Fulani na ajiye kare a ruga domin tsaron garke, a cikin birni kuwa wasu na sayen karnukan ƙasashen waje domin gadi. Addinin Musulunci ma ya halatta ajiye kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona, ya kuma yi umarni da kyautata wa dabbar da ke hannun mutum.

Wannan maƙala za ta dubi hanyoyin gargajiya na gyara jikin kare, ta auna su da ilmin halittu. Batun ya shafi lafiyar mutane, domin ƙwarin da ke jikin kare da cutar da ke cikin yawunsa ba sa tsayawa a kan kare kaɗai.

Fata da Gashi

Duk karnukan duniya jinsi guda ne, wanda masana ke kira Canis familiaris, amma zaɓen da mutane suka yi ta yi cikin dubban shekaru ya samar da iri fiye da 300. Zafin jikin kare lafiyayye yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Salshiyas. Kare ba ya sanyaya jikinsa da gumi kamar mutum. Ɗan gumin da yake yi a tafin daginsa ne. Haki shi ne babbar hanyarsa, wato ya zaro harshe, iska ta busar da danshin baki da maƙogwaro, ta tafi da zafi.

Bugu da ƙari, saman fatar kare ya fi na mutum siranta, kuma akwai wani maiƙo da fatar ke fitarwa wanda ke shafe gashi, ya hana ruwa da ƙwayoyin cuta shiga. Duk abin da ya wanke wannan maiƙo fiye da kima, kamar omo ko wanka na kullum, yakan bar fatar a bushe tana ƙaiƙayi. Kare kuma dabba ce mai lasar jikinta, saboda haka duk abin da aka shafa masa a baya, sai an same shi a cikinsa. Wannan ita ce ƙa'idar da ya kamata mai karatu ya riƙe wajen auna kowane magani.

Kowane Iri da Nasa Gyara

Karen gida na ƙasar Hausa gajeren gashi gare shi, mai shimfiɗa ɗaya, da siririn jiki da dogayen ƙafafu. Wannan siffa ta dace da zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a Dutse cikin watan Afrilu. Haka ma karen Buzaye da ake kira Azawak, wanda ya samo sunansa daga wani kwari da ke tsakanin Nijar da Mali. Gashinsa ya yi laushi da gajarta har cikinsa kan zama kamar babu gashi. Irin waɗannan ba sa bukatar aski ko taza. Gogewa da jiƙaƙƙen tsumma da duba jiki sun wadatar. A dazuzzukan Kwango akwai Basenji, wanda ke lashe jikinsa tsaf kamar kyanwa.

A ƙasashen sanyi lamarin daban ne. Makiyayan Hangari sukan bar gashin karensu Komondo ya tukke kamar igiyoyi, su riƙa raba tukkayen da yatsu ba tare da mataji ba, domin wannan kauri na kare shi daga sanyi da haƙoran kyarkeci. Shi kuwa Fudul, asalinsa karen ɗauko tsuntsayen da aka harba cikin ruwa ne. Gashinsa ba ya zuba sosai, sai dai ya yi ta tsawo, don haka ake aske masa rabin jiki na baya domin sauƙin iyo, a bar gashi a ƙirji da gaɓoɓi. Askin da a yau ake gani kamar ado, daga aiki ya samo asali.

Wanda ya fi shafar mutanen Dutse shi ne Alseshan, karen makiyayan Jamus da aka tsayar da irinsa a 1899, wanda aka fi sani a matsayin karen 'yan sanda. Gashinsa hawa biyu ne: na sama mai kauri, na ƙasa mai laushi kamar auduga. Wasu kan aske shi ƙwal a bazara da nufin tausayi, alhali gashin saman nan shi ne inuwarsa daga rana da garkuwarsa daga ƙudaje. Abin da ya dace shi ne a riƙa taje shi da buroshi domin fitar da mataccen gashin ƙasa, a ba shi inuwa da ruwa, a guji fita da shi da tsakar rana.

Abokan Gaba Huɗu

Na farko ita ce kaska. Ba ƙwaro ba ce mai ƙafa shida irin ƙuda. Dangin gizo-gizo da kunama ce, babbarta ƙafa takwas gare ta. Wadda aka fi samu a gidaje ita ce Rhipicephalus sanguineus. Sau uku take hawa kare a rayuwarta, kowane karo ta sha jini ta sauka. Macen da ta ƙoshi kan shige tsagar bango ta zuba ƙwai dubbai. Wato yawancin kaskar gida ba a jikin kare take ba, a bango da ƙasa take. Tana kuma sa wa kare ƙwayoyin Babesia da Ehrlichia, masu haddasa zazzaɓi da ƙarancin jini, har dasashinsa ya yi fari.

Na biyu ita ce ƙuma, wadda macenta kan yi ƙwai kusan 40 zuwa 50 a yini, su zube a makwancin kare. Tana ɗauke da tsutsar ciki mai gaɓa-gaɓa, wadda kan kama ƙaramin yaro idan ya haɗiye ƙumar bisa kuskure. Na uku ita ce ƙazuwa, wadda wata 'yar mitsitsiyar halitta mai suna Sarcoptes scabiei ke jawowa ta hanyar haƙa rami cikin fata. Gashi ya zube, fata ta yi kirci, kuma mai taɓa karen na iya samun ƙaiƙayi na ɗan lokaci. Na huɗu shi ne wani ƙuda da ke zuba ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa, musamman da damina. Tsutsarsa kan shige fatar kwikwiyo ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya.

Hanyoyin Gargajiya a Ma'auni

Tsince kaska da hannu bayan dawowa daga daji ita ce hanya mafi tsufa, kuma kimiyya ta yarda da ita. Mafarauci kan duba cikin kunnuwa da wuya da tsakanin yatsu, ya cire ƙarangiya da tsidau da kashin yawo tun ba su zama gyambo ba. Jefa kaska cikin wuta ma daidai ne, domin kowace mace da aka ƙona an hana dubban ƙwai. Gyaran da za a yi shi ne a kama ta da matsefata dab da fata, a ja a hankali, kada a murje ta da yatsu, a wanke hannu da sabulu.

Toka busasshiya na da ɗan amfani, domin tana goge maiƙon da ke hana jikin ƙananan ƙwari bushewa. Ita ce hikimar burgimar da kaji ke yi cikinta. Amma idan toka ta haɗu da ruwa sai ta zama ruwan toka mai kaifi, irin wanda ake yin sabulun salo da shi, kuma yana cin fata. Ya fi kyau a barbaɗa ta a makwanci, a kiyaye ido da hanci da rauni. Shi kansa sabulun salo ana iya wanka da shi jefi-jefi, muddin an ɗauraye sosai.

Darbejiya, wadda wasu ke kira maina ko dogon yaro, asalinta daga yankin Indiya ne. A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye ganyen itatuwa ta bar nata. A 1968 aka ware sinadarin da ke wannan aiki daga ƙwallonta, aka sa masa suna azadiraktin. Yana hana ƙwaro cin abinci, yana kuma dagula masa saɓar da yake yi domin girma. Ke nan wanka da ruwan ganyen darbejiya da shimfiɗa ganyen a makwanci suna da tushe. Sai dai sinadarin ya fi yawa a ƙwallo bisa ganye, rana na lalata shi da sauri, kuma ba ya warkar da karen da cutar kaska ta riga ta shiga jininsa.

Man kaɗanya da man gyaɗa na tausasa tafin dagi da kaskasan hunturu ya tsattsage, suna kuma kare bakin kunnuwan da ƙudaje ke ci. Haka nan idan aka toshe ramin ƙurjin tsutsa da mai, iska kan yanke mata ta leƙo, sai a matse ta fito. Farar wuta tsohon maganin ƙazuwa ce, har yau likitocin dabbobi na amfani da wani haɗi nata, amma da awo.

Garin Neman Gira

Masu iya magana sun ce garin neman gira akan rasa ido. Mafi haɗarin abubuwan da ake shafa wa kare ba na kakanni ba ne, zamani ne ya kawo su. Baƙin man inji na ɗauke da gubar ƙarafa da ragowar ƙonewa. Yana ƙona fata, idan an lashe kuma ya cutar da hanta da ƙoda. Kananzir ma haka yake, yana iya shiga huhu. Ruwan ganyen taba kuwa nikotin ke cikinsa, wanda ke ratsa fata.

Mafi muni shi ne fiya-fiya da sauran magungunan feshin gona. Sinadarin daikulobos da ke cikin fiya-fiya na hana aikin wani sinadarin jiki da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa. Sai tsoka ta yi ta karkarwa, yawu ya yi ta dalala, numfashi ya sarƙe. Gubar na ratsa fatar mai shafawar kamar yadda take ratsa ta karen, kuma yara ne suka fi saurin kamuwa. Ga ƙazuwa akwai ingantaccen magani, wato aibamektin, wanda ya fito kasuwa a 1981, kuma binciken da ya samar da shi ya ba William Campbell da Satoshi Omura kyautar Nobel a 2015. Amma ma'aikacin asibitin dabbobi ne zai auna shi bisa nauyin kare, domin wasu irin karnukan Turai ba sa jure shi.

Abin da Wanka Ba Ya Magani

Komai tsaftar kare, ba ta hana shi ciwon hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar na cikin yawu, tana bin jijiya har ƙwaƙwalwa, kuma da zarar alamu sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Louis Pasteur na Faransa ne ya fara gwada rigakafinta a kan mutum a 1885. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato na sarrafa allurar karnuka, kuma masana sun nuna cewa yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura na katse yaɗuwar cutar. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ce aka ware domin faɗakarwa a kanta.

Saboda haka kada mai rauni a hannu ya wanke kare, kada a sa yaro ya gyara karen da bai sani ba, kada kuma a kusanci karen da halinsa ya sauya farat ɗaya. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti a ranar, ba tare da jiran ganin alama ba.

Aiki ga Malamai da Ɗalibai

Malamin ilmin halittu na iya karɓo kaska daga asibitin dabbobi cikin kwalba mai sifirit, ɗalibai su ƙirga ƙafafunta da gilashin ƙara girma, su gwada da na ƙuda. Za su iya jiƙa toka su tace, su tsoma jar takardar litimos su ga ta koma shuɗiya, alamar kaifin ruwan tokar. Za su kuma iya tattara bayanai daga dattawan mafarauta na garinsu, su rubuta kowace hanya da sunan tsiron da ake amfani da shi, su tattauna dalilinta a aji.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa siffar gashi ce ke nuna irin gyaran da kare ke bukata, kuma karen ƙasar Hausa ya fi na waje sauƙin kulawa. Tsince kaska da share makwanci da liƙe tsagar bango da ganyen darbejiya da man kaɗanya hanyoyi ne da suka cancanci a riƙe. Baƙin mai da kananzir da fiya-fiya kuwa a nisance su baki ɗaya. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Mai kare na bana, ya haɗa hikimar mafarautan da suka gabata da ziyarar asibitin dabbobi sau ɗaya a shekara domin allurar rigakafi, ya tsare lafiyar dabbarsa da ta iyalinsa da ta maƙwabtansa.