Bayan an ce “ya daina”

A unguwarmu akwai wani matashi da ya yi wata uku a cibiyar gyaran hali saboda tiramol. Ranar da aka sallamo shi mahaifiyarsa ta yi sadakar waina, maƙwabta na ta shigowa barka, kowa na cewa ai ya daina. Bayan kwana goma na tarar da shi da la'asar a kan dakali, ya yi tagumi, idonsa na kan lungun da ke ɓullewa tsohuwar majalisarsu. Na ce, “Ƙanena, lafiya?” Ya ce, “Yaya, wallahi ban sha komai ba. Wunin ne ban san yadda zan yi da shi ba.”

Mu a gida da zarar hannu ya bar ƙwaya sai mu ɗauka magana ta ƙare. A wurin likitocin ƙwaƙwalwa kuwa, a nan aikin yake farawa. Fitar dafin daga jiki shi ne gajeren zango: mai shan tiramol ko kodin yakan yi kamar mako guda yana fama da gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, sannan abin ya lafa. Wanda ya daɗe a kan giya ko ƙwayoyin sa barci irin su diazepam, shi nasa ya fi haɗari, don yankewa farat ɗaya na iya jawo jijjiga har a rasa rai. Shi ya sa ake son a yi wannan a gaban likita.

Ƙwaƙwalwa ce ba ta sauri. Akwai wani sinadari a cikinta, dofamin, wanda ke sa mutum ya ji abu ya cancanci a nema, ko tuwon gida ne ko ƙwallo ko hira da masoyi. Ƙwaya na kwararo shi fiye da ƙima, sai ƙwaƙwalwa ta rage karɓarsa don ta kare kanta. Idan aka janye ƙwayar, komai sai ya zama lami. Binciken da Nora Volkow da abokan aikinta suka buga a Amurka a 2001 ya nuna a hoton ƙwaƙwalwar masu shan metamfetamin cewa sashen da ke aiki da dofamin na farfaɗowa, amma sai da aka shekara ko fiye ba a sha ba. Wata uku ke nan bai kai ko rabin hanya ba. Tagumin yaron nan ba lalaci ba ne.

Ƙungiyar mashaya giya masu taimakon juna da aka kafa a garin Akron na Amurka a 1935 tana da sunan da take kiran mai irin wannan hali: busasshen mashayi. Bakinsa ya bushe, amma saurin fushi, ƙarya, zargin kowa da gudun nauyi duk suna nan daram. Watsakewa ta gaskiya a wurinsu ita ce mutum ya sake koyon yadda ake kwana da baƙin ciki ba tare da an haɗiyi komai ba, ya biya bashin da ya ci, ya nemi gafarar waɗanda ya cuta. Kuma ba sa rantsuwar har abada. Alƙawarin yau kaɗai suke ɗauka, gobe a sake.

Wannan bambanci ne gidan mari bai gane ba. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sasari a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, wahala ce ta kai su bango. Amma sasari hannu yake tsarewa. Ranar da aka kwance shi, ga majalisa, ga dila, ga zaman kashe wando, duk suna jira inda aka bar su.

Yawan masu buƙatar magani ya fi ƙarfin 'yan gadajen asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Dawanau. Binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya gano 'yan Nijeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, kusan miliyan 3 abin ya zame musu cuta, kuma ɗaya cikin huɗu na masu shan mace ce. Matan nan su ne ba a cika gani a asibiti ba, don gudun abin kunya.

Sai batun komawa ruwa. Cibiyar binciken ƙwaya ta Amurka ta ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani suna sake sha, kusan yadda ciwo ke taso wa mai hawan jini. Ba wanda ke korar mai hawan jini daga gida. Kuma lokacin ne ya fi kisa: jiki ya manta da ƙwayar, mutum ya haɗiyi adadin da ya saba a da, numfashi ya tsaya. Ni a ganina, ko wanda likita ya ɗora a kan metadon, maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2005, in dai yana zuwa aiki yana ciyar da iyalinsa, watsattse ne, ko da wasu za su ce ƙwaya ya musanya da ƙwaya.

Yaron unguwarmu ya zame sau ɗaya, a wata na biyar, ranar bikin wani abokinsa. Da kansa ya gaya wa mahaifiyarsa, ita kuma ta raka shi asibiti washegari. Yanzu ya canza layin waya, yana koyon walda, kuma idan zai tafi masallaci sai ya zaga ta bakin titi don kada ya bi ta lungun. Har yanzu in za a aike shi cefane, da ƙanensa ake haɗa shi, kuɗin kuma a hannun ƙanen.