Ganuwar Offa: Ɓarnar da ta sa aka sake tambayar wa ya gina ta

A watan Agustan 2013 wani mai gona ya baje kimanin mita 45 na wata tsohuwar ganuwar ƙasa kusa da garin Chirk, a kan iyakar Ingila da Wales a Birtaniya. Doka ta hana taɓa wurin, amma mutumin bai fuskanci hukunci ba, abin da ya fusata masu kula da kayan tarihi.

Ganuwar Offa ce aka taɓa. Tudun ƙasa ne da rami a gefensa, babu tubali babu dutse. A wasu wurare tsayin tudun ya haura mita 2, faɗinsa haɗe da ramin kuma ya kai mita 20. Ramin yana ɓangaren yamma, wato yana fuskantar mutanen Wales, wanda ke nuna su ake son tarewa. Abin da ya rage a yau ya kai kusan kilomita 130.

An daɗe ana danganta ta ga Offa, sarkin daular Mercia ta Anglo-Saxon, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796. Sarki ne mai ji da kansa. Har dinare ya sa aka buga masa na zinariya, an kwaikwayi na halifa al-Mansur na Abbasiyawa, da kalmar shahada a jiki da sunansa a tsakiya. Yana ajiye a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan.

Sai dai hujjar cewa shi ya gina ganuwar ba ta da ƙarfi kamar yadda ake zato. Wani malamin coci ɗan Wales mai suna Asser ne ya rubuta, kusan shekara 100 bayan mutuwar Offa, cewa sarkin ya sa an haƙa ta daga teku zuwa teku. A ƙasa kuwa akwai manyan giɓi.

Ɓarnar Chirk ta buɗe cikin tudun, masu binciken tarihi na yankin Clwyd-Powys suka ɗebi samfuri. Sakamakon da aka bayyana a 2014 ya nuna cewa ƙasar da ke can ƙasan tudun ta samo asali tsakanin 430 da 652, tun kafin a haifi Offa. Wannan bai rufe magana ba, domin ana iya gini da tsohuwar ƙasa, kuma wuri ɗaya aka gwada. Amma ya ƙarfafa masu ganin cewa sarakuna da dama suka yi aikin, Offa ya ɗora a kan abin da ya tarar.

Tun 1971 akwai hanyar masu yawon ƙafa mai kilomita 285 da ke bin layinta daga Sedbury zuwa Prestatyn. Garma, dabbobin kiwo, saiwoyin itatuwa da sawun ƴan yawon kansu suna ci gaba da cinye tudun, kuma galibinsa yana cikin gonakin mutane ne.