Gyaran Zaren Kusa da Noti a Garejojin Zangon Accra

1.0 Gabatarwa

Nima da Maamobi unguwanni ne maƙwabtan juna a birnin Accra, wanda Hausawan Zango ke kira Ankara. Mazaunansu sun fito daga arewacin Ghana da Nijar da Nijeriya da Burkina Faso da Mali da Togo, amma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da masallaci da wurin sana'a. Ɗaya daga cikin sana'o'in da samarin waɗannan unguwanni ke koyo ita ce kanikanci. A Ghana an fi kiran makanike da sunan fita, kalmar da aka aro daga Turanci, mai garejin kuma masta.

Wannan takarda za ta duba wani ƙaramin aiki da ba ya yankewa a gareji, wato gyaran zaren da ya lalace. Yawancin Hausawa noti suke ce wa namijin da macen duka. A nan za a kira namijin kusa, macen kuma noti. Zare shi ne tsagin nan da ya nannaɗe jikin kusa ko cikin noti, wanda ke sa su kama juna.

2.0 Zare ba iri ɗaya ba ne

Abu uku ke bambanta zare da zare: kaurin kusa, da tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori, da kusurwar haƙorin. A da can kowace masana'anta da nata. A 1841 Joseph Whitworth na Ingila ya fito da tsari mai kusurwa digiri 55, wanda ya bazu a ƙasashen da Ingila ta mallaka. A 1864 William Sellers na Amurka ya kawo nasa mai digiri 60. A 1949 Amurka da Ingila da Kanada suka amince da tsari guda na inci. Sai kuma tsarin milimita, shi ma mai digiri 60, wanda shi ne a jikin mafi yawan motocin yau.

A tsarin milimita, idan aka rubuta M10 x 1.5, ana nufin kaurin kusar milimita 10 ne, tazarar haƙoranta kuma milimita 1.5. To amma akwai M10 x 1.25, mai ƙananan haƙora, wadda ta yi yawa a motocin Japan. A ido kusoshin biyu ba su da maraba, amma notin wannan ba ya hawa waccan. Haka kuma kusar inci mai kauri 3/8 da haƙora 16 a inci ɗaya: kaurinta kusan milimita 9.5, tazararta kusan 1.59. Za ta shiga ramin M10 zagaye biyu ko uku lami lafiya, sannan ta cije.

Wannan bambanci ya shafi Accra ƙwarai. Motocin haya da ake kira tirotiro sun haɗa da Mercedes Sprinter ta Jamus da Toyota Hiace da Nissan Urvan na Japan, tasi da yawa kuma na Koriya ne. Kayan gyaransu, sababbi da tsofaffi, daga kasuwar Abossey Okai ake sayo yawancinsu. Kowane gareji yana da gwangwanin da ake tara kusoshin da aka kwance daga motoci daban-daban. Yaron da ya zura hannu ya ɗauko wadda ta yi kama, ya ɗaure ta da ƙarfin tsiya, ya riga ya kashe zare.

3.0 Sauran dalilan lalacewa

Na farko shi ne ɗaurin karkace, wato a soma kusa ba ta miƙe ba, a bi ta da sufana. Na biyu shi ne wuce kima wajen ɗauri, musamman idan aka zura bututu a sufana don ƙarin ƙarfi. Wannan ya fi yin ɓarna a kan injin alminiyon, domin ya fi ƙarfen kusa taushi. Zaren ramin fulogi ko na notin juye baƙin mai sai ya biyo kusar waje kamar ɗan zobe. Na uku tsatsa. Accra na bakin teku, iskarta da laima da gishiri, ga ambaliyar damina da ke jiƙa ƙarƙashin mota. Na huɗu rashin sanin zaren hagu. Wasu manyan motocin Japan suna da shi a ƙafafun hagu, da alamar L a kan kusar, haka ma fedar hagu ta keke. Wanda bai sani ba yana ƙara ɗaurewa ne alhali yana zaton kwancewa yake yi.

4.0 Matakan gyara

Kafin a taɓa komai, sai an gane zaren. Akwai ɗan ma'auni mai ganyaye kamar wuƙar aljihu, kowane ganye da tazararsa. In babu shi, a haɗa kusa biyu gefe da gefe a ɗaga su wajen haske. In haƙoransu sun shige cikin juna ba tare da haske ya ratsa ba, tazararsu ɗaya ce. Daga nan gyara hawa-hawa ne, ana farawa da mafi sauƙi.

Mataki na farko wanki ne. Sau da yawa zaren lafiyarsa lau, datti da tsatsa ne suka cike shi. Burushin waya da kananzir sun isa.

Mataki na biyu miƙar da haƙoran da suka lanƙwashe. A jikin kusa ana amfani da siririn magagari mai kusurwa uku, ko mayankin zaren waje da ake kira dayis. A cikin rami kuwa sai mayankin zaren ciki, wato taf. Ana ɗiga mai, a soma da hannu a miƙe, a juya rabin zagaye gaba, a dawo kaɗan baya don ɓarɓashin ƙarfe ya karye. A tuna cewa taf yanka yake yi, ba ya mayar da naman da ya tafi.

Mataki na uku, idan zaren rami ya cinye gaba ɗaya, shi ne a faɗaɗa ramin a yanka sabon zare mafi girma. Lissafin mai sauƙi ne: a cire tazara daga kauri, abin da ya rage shi ne girman bakin injin huji. M10 x 1.5 na buƙatar milimita 8.5, M8 x 1.25 kuma kimanin 6.8. Sharaɗi shi ne a sami isasshen nama a gefen ramin.

Mataki na huɗu shi ne sanya ɗan ciki, idan dole ne a riƙe girman kusar asali. Wanda aka fi sani shi ne Heli-Coil, wata murɗaɗɗiyar waya ta ƙarfe marar tsatsa, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1930 domin injunan jirgin sama. Ana huda ramin, a yanka zare da taf ɗinta na musamman, a murza wayar ciki, a karye ɗan harshen da ke ƙarshenta. A jikin alminiyon wannan gyara yakan fi zaren asali ƙarko. Idan ramin fulogi ne, wanda galibi M14 x 1.25 ne, ana shafa giris a taf don ya riƙe ɓarɓashi kada ya faɗa cikin inji.

Idan kuwa kusa ta karye a ciki, hanyar da ta fi shahara ita ce a ɗora noti a kan guntun, mai walda ya like su. Zafin waldar na sassauta tsatsa, notin kuma ya ba sufana wurin kamawa. Abin da ya gagari gareji sai a kai wa masu injin gurzar ƙarfe, irin na Kokompe a Darkuman. Wannan ƙwarewa ta daɗe a Ghana: tun farkon shekarun 1970 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi ta soma ƙera kusoshi domin masu haɗa bodin katako na manyan motoci, a 1980 kuma ta buɗe cibiyar koyar da fasaha a Suame Magazine.

5.0 Inda ba a gyara

Ba kowane zare ake ceto ba. Kusoshin ƙafar mota, da na birki, da na sitiyari, da na kan inji, canza su ake yi. A kan kowace kusa mai inganci akwai lamba kamar 8.8 ko 10.9, wadda ke nuna ƙarfinta. Ba a maye gurbin 10.9 da marar lamba. Kusar da aka yi wa walda ta rasa ƙarfin da aka ba ta a masana'anta, wadda ta miƙe kuma ta sirance ta gama aiki. Dabarar cusa waya ko tsumma a rami don kusa ta kama yaudara ce kawai. Tirotiro ɗaya na ɗaukar mutum goma sha, kuma kusoshi biyar ko shida ne ke riƙe da kowace ƙafarta. Direba na iya matsa wa fita lamba don ya koma layi da wuri, amma araha ba ta ado.

6.0 Kammalawa

An ga cewa gyaran zare yana farawa ne daga sanin irinsa, sannan a bi matakai daga wanki zuwa ɗan ciki, a kuma san inda za a tsaya. Darasin da masta ya kamata ya fara koya wa yaronsa gajere ne: kowace kusa a soma ta da yatsu, ta yi zagaye uku ko huɗu ba gardama kafin a ɗauko sufana. In ta ƙi, ba ƙarfi take nema ba, a fito da ita a duba.